Lallen da Aka Bari a Gida

Ke da kike ta soke sunaye kina zaɓen waɗanda za su shiga jirgi, ajiye biron nan tukuna ki ji wani misali.

An yi wata Hajiya mai fataucin atamfa da leshi, wadda Allah ya buɗa wa bayan ta sha wuya. 'Yarta ɗaya ce tilo, kuma ba ita ta raine ta ba. Tun daga yaye aka kai yarinyar ɗakin kakarta, mahaifiyar Hajiya, domin uwar kullum tana kan hanya. Ranar da aka kawo ta, tsohuwa ta dasa icen lalle a inda take alwala, ta ce da ganyensa za ta yi wa jikarta ƙunshin aure in Allah ya nuna mata. Shekara ashirin da biyu icen nan yana shan ruwan alwalarta.

Da auren yarinyar ya tashi, Hajiya ta rantse ba za ta yi bikin tsakar gida ba, na rumfar haya da wawason shinkafa. A ɗaura aure a gida dai, amma shagali sai wata ƙasa ta bakin teku, mutum arba'in, kwana huɗu: ranar lalle, ranar kamu, ranar dina, ranar yawo a jirgin ruwa. Wata shida ba ta da zance sai na biza da tikiti da ɗakunan otal da ankon kowace rana. Furannin tebur kaɗai sau uku tana sauya su, kai ka ce su za a aurar. Sunan mahaifiyarta shi ta fara rubutawa, shi kuma ta fara sokewa. Dalilai ba su yi mata wuyar samu ba: tsohuwa ba ta da fasfo, ga ciwon gwiwa, ga tsoron jirgi. Wanda ba ta faɗa wa kowa ba shi ne, ba ta son surukai su ga tsohuwar tana tauna goro a gaban farin tebur tana neman inda za ta tofar. Ta je ta durƙusa ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, in mun dawo za mu yi naki bikin a nan gida." Tsohuwa ta ce, "Allah ya kai mu."

Ana jibi tafiya, tsohuwa ta daka ganyen da ta shanya, ta tankaɗe, ta ƙulla a farin ƙyalle ta miƙa wa 'yarta, ta ce tunda hannunta ba zai je ba, to lallenta ya je. Hajiya ta karɓa da hannu biyu. Amma da safen tafiya akwati ya wuce kilo, kuma can an riga an ɗauki mai zanen lallen fure ta zamani. Sai ta zare ƙullin ta tura shi bayan randa, tana cewa a ranta ba wanda zai lura.

Biki ya yi kyau, wannan kam ko maƙiyi ba zai musa ba. Duk sanda ta kira gida yayanta da ta bari tare da Inna ne ke ɗauka, ya ce Inna tana hutawa. Ita kuma da yake kiɗa na jiranta, ko sau ɗaya ba ta ce a tashe ta ba.

Rana ta shida ta sauka da tsarabar Inna akwati guda: darduma mai laushi, turare, man shafa gwiwa. A ƙofar gida ta tarar ana mayar da tabarmin masallaci. An yi sadakar uku, masu gaisuwa sun watse. Yayanta ya tare ta a zaure, ba faɗa ba ɗaga murya, ya ce, "Mun ga kin yi nisa, ko kin taso ba za ki iske jana'iza ba. Muka ce kada mu ɓata miki abin da kika yi wata shida kina shiryawa." Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Maƙwabciyar da ta yi wa gawar wanka ita ta ba ta sauran labari. Tsohuwa ta tsinci ƙullin a bayan randa da ta je ɗibar ruwa. Ranar lalle bayan azahar ta kwaɓa shi, ta kira maƙwabciyar ta ɗaure mata hannu da ƙafa, ta ce, "Yau ake sa jikata a lalle, ba zan zauna da farin hannu ba." Ta kwanta tana jiran ya kama. Aka kira la'asar ba ta tashi ba. "Da muka kwance ƙunshin za mu yi mata wanka," in ji matar, "wallahi Hajiya ban taɓa ganin lalle ya kama haka ba."

Hajiya ta ja ƙafa zuwa gindin icen ta zauna a ƙasa, ta yi kukan da ba mai tayawa, domin kowa ya riga ya yi nasa ya share hawaye. Ba ta ga fuskar uwarta ba, ba ta nemi gafararta ba, ko zaman karɓar gaisuwa ba ta samu ba. Wayarta cike da hotuna, ba ɗaya mai Inna a ciki. Ta taɓa gindin icen ta ji ƙasar ta bushe, kwana biyar ba wanda ya yi alwala a wurin.

To ɗauki bironki ki ci gaba, amma ki tuna abin da magabata suka ce: kowa ya bar gida, gida ya bar shi.