Kwalbar da Ke Bayan Akwati

Sati uku cur tela ya yi yana ɓoye kwalbar a bayan akwati.

Likita ne ya yanko ɗan nama daga ƙarin da ke mafitsararsa, ya sa a ciki, ya ce ya kai ɗakin gwaji a duba ko ciwon daji ne. Tsoro ya hana shi kaiwa. Ko matarsa bai gaya wa ba, kullum sai ya ce mata basir ne ke damunsa.

Yau dai ya yi ta maza. Ya miƙa baƙar ledar da kwalbar ke ciki ta tagar ɗakin gwajin.

Ma'aikacin ya kwance ledar, ya leƙa, ya sake leƙawa.

"Baba, wannan ai kwalbar man shafawa ce."

"Man me?"

"Ga ma takarda a jikinta."

Tela ya warware. Rubutun matarsa ne, da manyan baƙaƙenta masu karkata:

"Baban yara, wa kake tsammani yake share bayan akwati? Tun washegari na kai musu. Jiya sakamako ya fito, ba daji ba ne. Ka dawo min da maina, ka taho da burodi."