Babur Marar Ƙara a Lungun Mai Koko

Akwai wani mai raba burodi a cikin birni, yana da tsohon babur mai fasasshiyar salansa. Tun yana bakin titi ake jin ƙararsa a ƙarshen lungu, uwaye su janye yara, tsofaffi su raɓe jikin katanga. Da wannan babur ya riƙe masu shayin unguwar shekara da shekaru. Sai maƙwabcinsa, wanda shi ma burodi yake rabawa, ya sayo ɗan babur mai caji, irin wanda ke sulalewa kamar maciji a ciyawa. Jama'a suka riƙa kewaye shi suna shafawa, suna sa albarka. Mutumin nan yakan tsaya daga nesa yana duba fulogin tsohon babur ɗinsa, hannunsa duk baƙin mai, zuciyarsa na tafasa. Ya lura maƙwabcin yakan rage gudu a kowace kwana ya ce "gafara dai," sai ya gaya wa matarsa ai doki ne ya faɗa hannun wanda bai iya sukuwa ba. Ta ce ya bar wa mutum abinsa. Bai ji ba. Ya sayar da tsohon babur, ya haɗa da tumakin gida, ya sayo mai caji wanda ya fi na maƙwabcin sheƙi.

Washegari da sassafe ya ɗaure burodi, ya kutsa lungu a guje, don ya riga maƙwabcin isa teburan masu shayi, a gan shi a kai. A lungun kuwa akwai wata tsohuwa mai koko, wadda ba ta taɓa leƙawa kafin ta fito daga zaure. Kunne take kasawa, in ta ji shiru ta taka. Ta kasa kunne, ta ji shiru, ta fito da roba a ka. Ya kwashe ta, koko mai zafi ya kwarare mata a jiki, ƙugunta ya karye. Dattawan unguwa suka hana shi sake bin lungunan a kan abin hawa, masu shayi kuma, da yawansu da kokonta suka girma, suka ce ba su ƙara karɓar burodinsa. Yana zaune a ƙofar gida, sabon babur a jingine, ya ga maƙwabcin ya wuce da lodi ninki biyu, yana ta "gafara dai." Shi ya sa magabata suka ce, hassada ga mai rabo taki ce.