Jakin Baba a Gindin Dutse

Ina yaro, muna dawowa daga kasuwar Dutsin-Ma bayan an tafka ruwa, jakinmu, ɗauke da buhun gero, ya toge a gindin dutse. Baba ya ja, ya tura, ya zage shi har kakanninsa. Ko gezau.

Sai muka ji ƙara kamar aradu. Gefen dutsen ya zaftaro ya binne hanyar gabanmu, har da wani mai itace da ya wuce mu, Allah ya jiƙansa.

Baba ya daɗe yana salati. Sannan ya yar da sanda, ya sauke buhun geron ya ɗora mini a kai, ya dubi jakin.

"Ranka ya daɗe, ta ina za mu bi?"

Jakin bai ƙara ɗaukar kaya ba, ni na gaji aikinsa. Har yau wuyana bai yafe masa ba.