Je Ki Karyo Tsumagiyarki

Jama'a, shekara tara ke nan Cleophus Gaines bai sa 'yarsa Verlene a ido ba. Dattijon coci ne a wani ƙaramin gari a jihar Mississippi ta Amurka, in ya ɗaga murya da addu'a sai mata sun share hawaye. Amma a gida fa? Tab! Duk wanda ya yi laifi cikin 'ya'yansa, shi da ƙafarsa zai zagaya bayan gida ya karyo tsumagiyar da za a zane shi da ita. In ya kawo siririya, a sake tura shi. Haka ubansa ya yi masa, haka kakansa ya yi wa uban.

Ranar Lahadin da 'yan gari ke dawowa gida a yi sujada tare, sai ga Verlene da 'yarta Jolie mai shekara biyar. Daɗi ya kama tsoho har ransa, amma bai faɗa ba. Kaza dai ya soya musu da hannunsa.

Ana cikin cin abinci Jolie ta ture kofin shayi, ya malale a fararen kayansa. Kafin ya yi tunani bakinsa ya riga shi.

"Ke! Je ki karyo tsumagiyarki."

Yarinya ba ta san dawan garin ba, ta miƙe da murna, ta ɗauka aike ne. Verlene ta cafke hannunta.

"Baba, na zo ne in ce na yafe maka. Abu ɗaya nake roƙo, ka ce ka cuce mu."

"Cuta? Ubana har jini ya fitar mini, ga ni ban lalace ba. Maganar Allah ce ta ce a hori yaro."

"Ita ce kuma ta ce kada uba ya cusa wa ɗansa baƙin ciki. Wannan tsallake ta ka yi?"

"A gidana za ki yi mini wa'azi? Ga hanya nan!"

Ta ɗauki 'yarta ta tafi. Ya san gaskiya ta faɗa, domin shi ma bai taɓa yafe wa ubansa ba. Sau nawa ya ɗauki waya ya ajiye! Girman kai ya ce masa uba ba ya ba 'ya haƙuri, gobe ma rana ce.

Bayan shekara biyu ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Verlene ta zo asibiti ita kaɗai. Ya tattara ƙarfinsa duka ya buɗe baki, harshe ya ƙi, sai yawu. Ta goge masa a hankali.

"Me kake so, Baba? Ruwa?"

Ta ba shi ruwa. Bayan kwana uku ya rasu.

Mai karatu, ciwon da ka gada, in ba ka kai shi gaban Almasihu ka tuba ba, 'ya'yanka za ka miƙa wa. Nemi gafarar iyalinka tun harshenka yana motsi.