Balaraben Gindin Tsamiya

Tun ƙarfe tara kwalin yake kan tebur, kuma Mushe Abdulwahid bai yarda kowa ya taɓa shi ba. Bana a Dogondutsi ake taron shekara-shekara na masana tarihin Larabawa da harshensu da kayan tono. An zo daga Yamai, an zo daga Sakkwato, har da baƙi daga ƙasashen Larabawa. Shi kuwa Abdulwahid malamin Larabci ne a wata makarantar sakandare ta garin, shi ya sa ake ce masa Mushe, yadda ake kiran malaman boko a Nijar. Sau uku yana aika takardarsa, sau uku ana dawo masa da ita da tambaya guda: ina hujja?

Abin ya ci masa rai. Maganarsa ita ce wani malami Balarabe ya zauna a Arewa, wato ƙasar Dogondutsi, shekara ɗari uku da suka wuce, kuma a nan ya rasu, a tsakiyar 'yan bori. Abokan aikinsa har sun laƙaba masa Mai Balarabe, suna kiransa da shi a gaban ɗalibai. Ya rantse sai ya rufe musu baki.

A watan jiya wani mai awon gonaki ya ba shi labarin wani kabari a gindin tsamiya, a wani ƙauye kusa da Lugu. Shi kaɗai ne, nesa da makabarta, an jera masa duwatsu, an daidaita shi da alƙibla irin na Musulmi. Duk wanda ka tambaya na wane ne, sai ya kau da kai. Abdulwahid bai tsaya wata-wata ba. Ya samo takardar izini da jami'an tsaro, jandarma biyu, ya ɗauko leburori daga wani gari, don mutanen ƙauyen sun ƙi riƙe masa ko da shebur.

Sun tarar da wata tsohuwa tana share wurin, Sahura sunanta. Ta daɗe tana kallon fuskarsa, har abin ya ba shi haushi.

"Ɗan wa kake?" in ji ta.

"Ɗan Malam Munkaila na Dutsi, Allah ya ji ƙansa."

Tsintsiyar ta faɗi daga hannunta. Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai. Ubansa ya ƙare rayuwarsa yana wa'azi a kan bori, ashe har yau sunansa na kaɗa musu hanji.

"Ɗana, kak ka tona wurin ga," ta ce. "Tana nan kwance, ba ta yi ma kowa komi ba. Zamna in hwaɗa maka."

"Doguwa, aljanar borin taku, ce a kwance? To yau za ta tashi."

Shi da ya girma a gidan sunna, wanda aka gaya masa uwarsa ma a aikin hajji ta rasu yana jariri, me zai zauna ya ji a bakin 'yar bori? Ya yi wa jandarmomin alama. Sahura ta rungume duwatsun, suka ɓamɓare ta, suka ja ta a ƙasa har zanenta ya yage. Tana ta kiransa, shi kuwa yana nuna wa leburori inda za su fara.

Ramin bai yi zurfi ba. Aka tarar da ƙasusuwa a kwance ta gefen dama, da wata laya da fatarta ta bushe ƙamas. Ya ɗauki ƙoƙon kan da layar, sauran ya sa aka tura musu ƙasa da gaggawa. Layar kuwa bai buɗe ba. Ya fi so a farke ta a gaban shaidu, kada wani ya ce shi ya rubuta.

Yau ga shi a gaban mutum ɗari biyu. Ya yi minti arba'in yana zuba Larabci, yana jan kowane harafi don baƙi su san ba a banza ya yi karatu ba. Sannan ya buɗe kwalin, ya ɗaga ƙoƙon kan sama. Zauren ya yi tsit, kuma wannan shirun ya fi masa tafi daɗi.

Dakta Khairiyya, masaniyar ƙasusuwa, ta matso ta duba. Ta ce a ganinta kan mace ne, yarinya ma, kuma bai yi kama da abin da ya kai shekara hamsin a ƙasa ba. Ya yi mata murmushin da yake yi wa ɗalibi daƙiƙi, ya ce rubutu ne zai raba gardama.

Aka miƙa layar ga Shaihu Is'haƙa, tsohon da ya ƙware a karanta tsofaffin littattafan hannu. Ya yanke ɗinkin a hankali, ya warware takardar. Fallen littafin 'yan lakkol ne, 'yan makarantar boko, mai shuɗayen layuka. Dariya ta fara daga kujerun baya, inda abokan aikinsa suke.

"Addu'ar sauƙin naƙuda ce," in ji Shaihun. "Irin wadda miji ke rubuta wa matarsa in haihuwa ta zo da gardama."

Abdulwahid ya sunkuya zai fizge takardar, sai idonsa ya faɗa kan rubutun. Ya san hannun nan, shi ne ya koya masa riƙon alƙalami. Shaihun bai lura ba, ya ci gaba da karantawa a lasifika, da yake ba a rubuta irin wannan laya sai da suna.

"Don Mubarika, matar Munkaila, da abin da ke cikinta."

Ana ta dariya, shi kuwa yana tsaye a gabansu da ƙoƙon kan uwarsa a hannu, yatsunsa biyu a cikin ramin idanunta.