Ɗan Wasan Gaba da Tutar Satar Gida

Ajiye jakar nan ka zauna, Tanimu. Tun da ka shigo kake huci, wai koci ya zaunar da kai a benci, wai kai da ƙwallo har abada. To, kafin ka ƙone takalman, bari kawunka ya ba ka misali ɗaya, in ya so ka yi abin da ka ga dama.

An yi wani ɗan wasan gaba a ƙasar Kolombiya, ɗan wani ƙaramin garin masunta a bakin teku. A kan rairayi ya koyi gudu, shi ya sa da ya hau ciyawa sai ka ce an kwance masa dabaibayi. Dabararsa guda ce tak: ya laɓe a kafaɗar mai tsaron baya na ƙarshe, ya jira a saki ƙwallo, sannan ya fyalla. Kafin mutum ya juya, raga ta motsa. Da wannan ya yi suna a kulob ɗin garinsu, babban kulob na birni ya saye shi, daga nan sai Turai, ƙasarsa kuma ta ba shi rigarta mai ruwan ɗorawa. Mutumin kirki ne wallahi, ba shaye-shaye, ba raina mutane. Amma shekaru ba ruwansu da kirkinka. Da ya ba talatin baya, ƙafa ta fara yi masa gardama. Ido yana ganin hanya sarai, zuciya ta riga ta isa raga, ƙafa kuwa tana baya tana cewa a jira ta. Ka san abin da ya yi? Abin da kowane ɗan gaba ke yi, har da kai da kake hararata. Tunda gudu ya ragu, sai ya riƙa tashi da wuri, tun ba a saki ƙwallon ba, don ya rage tazara. Ai kuwa sai tuta: satar gida. Ya zura ƙwallo, ya ruga yana murna, ya waiwayo ya ga mai tuta ya ɗaga hannu, an soke. Ya ce mai tuta makaho ne, ya ce masu ba shi ƙwallo ne ke nawa, ya ce koci ba ya ƙaunarsa. Kowa ya yi laifi ban da ƙafarsa. Kulob ɗin Turai ya sallame shi, ƙasarsa ta daina kiransa, 'yan kallon da suka saba rera sunansa suka koma yi masa ihu. Abin ya ci masa rai ƙwarai, ni ma ina tausayinsa, domin burinsa bai da yawa. So yake ya sake sa rigar ƙasarsa ko sau ɗaya ne, ya bar fili da mutuncinsa.

Ya tattara ya koma kulob ɗin garinsu da ya raine shi, jiki a sanyaye. Wata safiya ya bi mahaifinsa, tsohon masunci, cikin kwalekwale. Ya ga tsoho ko igiya bai taɓa ba, yana zaune yana duban ruwa, yana nuna wa majiya ƙarfi da hannu. Ya tambaye shi ko ba ya jin ciwon yadda aka mayar da shi ɗan kallo. Tsoho ya ce, "A da ni ke jan taru, yanzu ni ke nuna inda za a jefa shi. Ka ga kifin ya ragu?" Maganar nan ta zauna masa. Da ya koma fili sai ya yi abin da ya fi yi wa ɗan gaba ɗaci, ya juya wa raga baya. Ya janyo baya zuwa tsakiyar fili, ya riƙa tare ƙwallo da ƙirji, ya kare ta da jiki, ya miƙa wa masu sabon jini. Kuma wa ya kai shi sanin inda mai gudu yake son a ajiye masa ƙwallo? An yi masa ba'a, ana cewa ga ɗan gaban da ya manta hanyar raga, ya haɗiye. Sannu a hankali kulob ya dinga cin wasa, har kocin ƙasa ya sake kiransa, a wasan da in ba su ci ba sun rasa zuwa gasar kofin duniya. Daga benci ya shigo, lokaci ya kusa ƙarewa, ba wanda ya ci wani. Can sai hanya ta buɗe a bayan masu tsaro, irin wadda ya saba bi, ƙafarsa har ta zabura da kanta. Ya cije ya tsaya. Ya karɓi ƙwallo, ya jira wani matashi ya taso daidai, ya silale masa ita, matashin ya jefa a raga. Fili ya kaure da sowa, shi kuwa bawan Allah ko motsi bai yi ba, mai tuta yake kallo. Tuta tana ƙasa. Sai a lokacin ya durƙusa yana kuka, abokan wasansa suka rufe shi. Ba sunansa aka rubuta a allo ba, amma ran da ya yi ritaya, filin nan kaf a tsaye ya raka shi.

Na je wasanku na ran Asabar, Tanimu. Mai tuta ya ɗaga maka hannu har na tausaya wa kafaɗarsa. Ba ƙinka koci yake yi ba, ɗana, kuma ƙwallon da ke kanka bai ƙare ba. Ɗauki jakarka, gobe ka same shi ka ce ya gwada ka a baya kaɗan. Ai Hausawa sun gama magana da suka ce, in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.