Ba a Fasa Kwaɗo Ba

Tsohon maigadi ya dire kwanon abincinsa gaban likita. "A gwada shi. Tun da surukata ta karɓi girkina cinyoyina ke zogi."

"Baba, ba guba ba ce," in ji likita. "Tsokarka ce ta kumbura. Ƙwayoyin da ke gadin jikinka ne suka juya maka, ƙiba da ciwon sukari na zuga su."

Tsohon ya gyaɗa kai. Aikin gadi ya koya masa: in ba a fasa kwaɗo ba, ɓarawon na gida ne. Ya harari surukar, matar ɗansa da ta rako shi.

"To, wa ke ciyar da su?"

Ta sunkuyar da kai. Ita ke masa wanki. Kullum sai ta kakkaɓe sukari daga aljihunsa, kuma ba ta taɓa gaya wa ɗansa ba.